Kawu, In "Get" Samu Ne, Me Duhu Ya Samu?

Daren jiya bayan sallar isha'i 'yar ƙanwata ta zo min da littafinta na Turanci. Ta ja layi a tsakiyar kowane shafi, hagu kalmar Turanci, dama fassarar Hausa. Na leƙa na ga manyan kaya: "magnanimous", "procrastinate", "ubiquitous", duk ta haddace su tsaf. Abin da ya hana ta sakat kuwa 'yar kalma ce mai harafi uku. An koya musu cewa "get" na nufin samu, ita kuma ta ci karo da "it is getting dark" a wani labari. Ta ce, "Kawu, in 'get' samu ne, to me duhu ya samu?"

Na yi dariya har na ƙware, sannan na ce mata, ke ma faɗa min ma'anar "ci". Ta ce ai kowa ya sani, a sa abinci a baki. Na ce to wanda ya ci jarrabawa fa, da miya ya haɗa? Wanda ya ci bashi, wanda ya ci amana, wanda ya ci sarauta, kasuwar da ke ci ranar Laraba, wutar da ta ci rumfuna? Sai ta yi shiru tana murmushi. Bahaushe bai taɓa rikicewa da waɗannan ba, domin tun yana goye yake jin "ci" tare da abokan tafiyarta. Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ya nemi wannan kalma zai ga irin wahalar da ta ba Bature kafin ya gama jero fuskokinta.

To haka nasu yake. "Get a job" samun aiki ne, gaskiyar malaminsu ke nan. Amma "get home" isa gida ne, "get up" tashi, "get tired" gajiya, "I don't get it" kuma ban gane ba. A jimlar da ta dame ta, duhu ne ke shigowa a hankali. Lokacin da masu ƙamusun Oxford suka sake aikin kalmar "run" a 2011, ma'ana 645 suka lissafa mata a matsayin aikatau kaɗai. Ita kuwa "ubiquitous" ma'anarta ɗaya ce, ka riƙe ta yau ka gama da ita har abada. Mu dai mun fi ƙaunar manyan kalmomin, saboda su ake fasawa a taro a ji tafi.

Akwai kuma wani gefen da ya fi ba ni sha'awa, wato Hausar da ke kwance ƙarƙashin Turancinmu. "Ji" ɗaya gare mu: mu ji magana, mu ji sanyi, mu ji wari, mu ji Larabci. Shi ya sa yaro zai ce "I am hearing smell", alhali Bature ya raba su gida-gida: "hear" na kunne, "feel" na jiki, "smell" na hanci, "understand" na fahimta. "Ara min biro" kan fito "borrow me your pen", amma a wurinsu mai karɓa ne ke "borrow", mai bayarwa "lend" yake yi. Baƙon da ka yanka wa kaza "guest" ne. In ka kira shi "stranger" ka ce ba ka san shi ba ke nan. Magani kuwa, ƙwaya ne ko na ruwa, "take" suke cewa, mu kuma shan sa muke yi.

Ni kaina na sha kunya a kan wannan. Farkon fara aikina, wata Baturiya ta zo ofishinmu neman wasu takardu. Na miƙe na ce mata "I am coming", na fice abina, nufina "ina zuwa". Da na dawo bayan kusan minti ashirin sai na tarar da ita tsaye a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa, ta rasa gane mutumin da ya ce yana tahowa kuma ya juya baya ya tafi. "I'll be right back" ya kamata in ce. Tana fita ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa, na ce "sorry", ta waiwayo ta ce ai ba laifina ba ne. Sannu nake nufi, baiwar Allah! Har yau ban sami kalmar Turanci ɗaya da ta ɗauke nauyin sannu ba, mai gaida majiyyaci, ta gaida manomi a gona, ta tari matafiyi.

Ba kuma duk abin da ya saɓa wa bakin mutanen Landan ne kuskure ba. A watan Janairun 2020 Oxford ta shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da "Kannywood", "okada", "next tomorrow" wato jibi, da "eat money", wanda ko ba a fassara ba Bahaushe ya san cin kuɗi ne. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Sai dai mai gyaran takardar WAEC da jan biro yake zaune, kuma "borrow me" da za ta biya maka buƙata a Kantin Kwari, a gabansa maki za ta ci maka.

Ita kuwa 'yar ƙanwata, na ce ta daina rubuta kalma tsurarta. Duk wadda ta tsinta, ta kwafo jimlar da ta gan ta a ciki gaba ɗaya, ko daga labari, ko fim, ko rediyo. Shafin "get" kaɗai muka cika da jimla goma sha ɗaya kafin a ɗauke wuta.

Da safen nan saƙonta ya shigo wayata: "Kawu, I get it now." Ban gama jin daɗi ba sai ga na biyu: "Please borrow me your charger."