Motar Baba a Ƙarƙashin Darbejiya

Shekara da shekaru Land Rover ɗin mahaifina tana tsaye a ƙarƙashin darbejiyar gidanmu a Birnin Kebbi, kaji suna ƙwai a kujerarta. Samfurin Series III ce, irin wanda aka fara ƙerawa a Ingila a 1971. Da ita Baba yake kwaso shinkafa daga fadamar Rima, a cikinta kuma ya fara kai ni Argungu kallon bikin kamun kifi a Matan Fada.

Bayan rasuwarsa na ɗaura niyyar tayar da ita. Jikinta na alminiyam ne, don haka tsatsa ba ta taɓa shi ba. Ƙarfen ƙasa ne ta ci, sai da mai walda ya yi kwanaki a tsakar gida. Na wanke kafireto da hannuna, na sauya lagireto da birki, na ƙara mata fitilu masu haske saboda tafiyar dare. Amma ƙaramin maɓallin nan ruwan ɗorawa da ake dannawa tayoyi huɗu su ja tare, ban sauya shi ba. Tafin hannun Baba ne ya goge shi har ya yi santsi.

Ranar da injin ya tashi, Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya shiru, sannan ta yi wa Baba addu'a. Yanzu duk Juma'a da yamma nakan hau hanyar Argungu a hankali, ina jin ƙarar da na saba tun ƙuruciya, ina roƙon Allah Ya jiƙansa.