Hannun tagar da ya sa na je Dopemu sau biyu

Yau ba sanarwar taro na zo da ita ba, wani abu ne ya same ni a gida, na ga ya kamata ku ji.

A saman bene muke zaune a nan Agege, tagoginmu kuma na alminiyom ne, irin masu buɗewa waje kamar ƙofa. Tun farkon damina hannun tagar ɗakin yara ya karye. Na ɗaure da waya, kullum ina cewa sai ƙarshen wata. Wata ranar Asabar uwargida ta shiga ɗakin ta tarar da autanmu, ɗan shekara 3, ya taka gado ya tura tagar, rabin jikinsa a waje. Tagar ba ta da ƙarfen kariya. Allah ne ya tsare. A daren nan ban runtsa ba.

Ranar Litinin na nufi kasuwar alminiyom ta Dopemu. Kuskurena na farko, ban tafi da tsohon hannun ba. Na zaɓi wanda ya yi kama da shi na biya. Da na dawo sai ya ƙi zama. Ashe hannun taga akwai na dama akwai na hagu, tazarar ramukan sukuru ma ba ɗaya ba ce. Kuɗin mota ya tafi, yini ya tafi.

Karo na biyu na kwance tsohon na sa a aljihu, na ɗauki hoton tagar a buɗe da rufe. Wani dattijon mai haɗa tagogi ya duba hoton ya ce, "Malam, hannun nan ba shi ya fara lalacewa ba." Ya nuna mini ƙarafan nan biyu, na sama da na ƙasa, masu riƙe taga idan an buɗe ta. Tsatsa ta ci na ƙasan, tagar ta sunkuya, harshen makullin ya daina kaiwa mazauninsa. Mu kuma muna ta ja da ƙarfi har hannun ya ɓalle. Da sabon hannu kawai na sa, da shi ma bai daɗe ba.

Ƙarafan nan da inci ake sayar da su, akwai 8, 10, 12 zuwa sama. Namu 12 ne, kuma ya ce a canza biyun tare. Ya ba ni shawarar in sayi wanda ba ya tsatsa ko da ya fi tsada, domin danshin Legas ba ya barin baƙin ƙarfe. Da yake da ribit aka kafe tsofaffin, sai da ya zo da na'urar huda ya cire su. A ranar na kira mai walda ya auna tagar.

Don haka duk wanda zai je sayen irin kayan nan, ya tafi da tsohon a hannunsa, ya auna, ya duba ta wane gefe tagar ke buɗewa. Masu ƙananan yara a bene kuwa, don Allah ku zagaya tagoginku yau, kada ku jira ƙarshen wata kamar yadda na yi.

Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.