Bindigar da ta ƙi tashi ba ta mutu ba

A ƙasarmu ta Bune, can gabas da Damagaram a yankin Gure, akwai gidaje da dama da ake ajiye tsohuwar bindigar toka. Wani ya gāje ta daga uban da ke farauta, wani kuma yana korar dila da ita daga garken awaki, ko tsuntsaye daga gonar hatsi idan kaka ta gabato. Abin da ke damuna shi ne yadda yaranmu ke magana a kanta. In aka ɗana kunama ba ta yi ƙara ba, sai ka ji yaro ya ce, "Ai ta mutu." Wannan kalma ce nake so iyaye da malaman makaranta mu taru mu cire daga bakin 'ya'yanmu.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ana haɗa albarushi a birnin Zinder, har da ƙera igwa. Yau ma yaro na tashi yana jin ƙarar 'yan bindiga a hawan Sallah, ya ɗauke ta abin biki. Ya san ƙararta da hayaƙinta, amma ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa abin da ake yi idan ta yi shiru.

Ni kawuna ne ya koya mini, shi kuwa maharbi ne. Ya ce shirun bindiga iri uku ne. Na farko, wuta ba ta kama ba sam, galibi don albarushi ya sha raɓar damina, ko rairayi da tsatsa sun toshe ƴar kafar da wuta ke bi. Na biyu, wutar ta kama amma tana ci a hankali kamar garwashi a cikin toka, sai bayan ɗan lokaci ta tashi. Na uku, ta yi ɗan ƙara maras ƙarfi, harsashi ya maƙale a cikin bututu, in aka sake ɗurawa aka harba, ƙarfen na iya tsagewa a hannun mutum. Ya ce mini, "Ɗana, daga waje ba ka iya bambanta ta farko da ta biyu. Saboda haka duk wadda ta yi shiru, ka ɗauka tana nan tafe." Idan tasa ta ƙi, yakan bar bakinta yana kallon fili, ya ja dogon lokaci bai taɓa komai ba, kuma ba ya barin kowa ya gitta ta gabansa.

Kada a ɗauka wannan matsalar bindigar ƙauye ce kawai. A Turai da Amurka akwai wani ƙaramin harsashi da ake kira .22, wanda asalinsa ke komawa ga wani Bafaranshe mai suna Flobert a shekarar 1845. Sinadarin da ke kunna shi yana gefen gindin kwanson, shi ya sa ya fi sauran harsasai yawan ƙin tashi, don wani lokaci sinadarin ba ya zagaye gefen duka. Masu wasan harbi kan sayi wasu kayan sauyi su ɗora wa babbar bindigar hannu don ta riƙa cin wannan harsashi mai araha, kuma sun sha kuka da ƙin tashi. Abin da ya burge ni shi ne tsarin da ake koya musu. Da farko a jira, aƙalla daƙiƙa 30, baki na kallon inda ba kowa. Bayan an fitar da harsashin sai a dubi gefensa. In tabon bugun ya shiga sosai, laifin harsashi ne. In tabon ɗan kaɗan ne, laifin bindiga ne: datti ya hana harsashi zama daidai, ko ƙusar bugun ta cinye. Wato kawuna da bai shiga aji ba da mai koyar da harbi a Amurka abu guda suke faɗa.

Sakaci da wannan ya ci rayuka har a inda ake ganin an ƙware. Brandon Lee, ɗan Bruce Lee da muka sani a finafinan Sin, ya rasu a 1993 a wurin ɗaukar fim a Amurka. Kan harsashi ne ya maƙale a bututun bindiga ba a duba ba, da aka harba na wasa sai ya turo shi waje.

A nan gida akwai abin da ke ƙara mana wahala. In bindiga ta ƙi tashi, da yawa daga cikinmu ba sa neman dalili. Sai a ce naman dajin yana da iska, ko wani ya ɗaure bakinta da asiri. Wanda ya yarda an ɗaure bindiga ba ya jin tsoronta kuma, sai ya juyo bakin ya leƙa, ko ya hura, ko ya jingine ta a zaure inda yara ke wasa. Na taɓa koyar da wani yaro da ya rasa yatsu biyu ta haka. Yayansa ya harba ba ta tashi ba, ya ajiye ya tafi neman tsinke, ƙanin ya kama bakinta zai ɗaga. Da ya dawo aji bayan jinya, abin da ya ce mini shi ne, "Mushe, ai an ce ta mutu." Yaron bai yi ƙarya ba, abin da ya ji manya na faɗa ya maimaita.

Ba ina cewa a koya wa yara harbi ba. Riƙe bindiga ma sai da izinin hukuma, kuma gyaranta aikin maƙeri ne. Abin da ya rataya a wuyanmu bai fi ƙarfinmu ba. Uba ya daina ajiye ta a ɗure, ya raba ta da albarushi, ya sa kowanne inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma albarushi ya yi nesa da murhu. Uwa ta san inda suke, don ita ke wuni da yara. Malami kuma ya ɗauki minti goma kafin hutun damina, lokacin da yara ke bin manya gona, ya gaya musu: kada ka leƙa bakin bindiga, kada ka tsaya gabanta, in ka tsinci harsashi ko wani ƙarfen da ba ka gane ba kada ka taɓa, je ka kira babba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sannan mu saba musu da tambayar "me ya hana ta?" Yaron da ya san cewa raɓa ce ta jiƙa albarushi zai ji tsoron bindigar da ta yi shiru, ya ja da baya ya jira. Allah ya tsare mana zuri'a.