Salka Da Almuru: Yaushe Ake Sa Wa Gasasshen Nama Yaji?

Matafiyin da ya bar Kontagora ya nufi yamma, ya bi ta Ibeto da niyyar zuwa Auna da bakin tafkin Kainji, zai ratsa ta garin Salka. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Magama, wadda hedkwatarta ke Nasko, a ƙasar Sarkin Sudan na Kontagora cikin Jihar Neja. Tushen garin Kambari ne, waɗanda ake kiran harshensu Tsishingini, manoma ne kuwa na gasken gaske, masu noman dawa da gero da gyaɗa. Tun cikin 1923 'yan mishan suka kafa mazauni a nan, ga shi yau Musulmi da Kirista da masu bin al'adar gargajiya duk kasuwa ɗaya suke ci, Hausa ce kuma harshen ciniki.

Amma wanda ke son ganin yadda zaman garin ya haɗu, sai ya dakata har almuru, lokacin da masu nama ke hura wuta a bakin hanya. A nan ne gyaɗar manomi, wadda mata suka matse suka fitar da mai da ƙuliƙuli, take gamuwa da dabbar makiyayi a hannun mahauci. Mutum uku ke nan abincinsu ya rataya a kan wuta guda. In gashi ya yi kyau kowa ya samu, in kuwa ya ƙone, mahauci ne ke kwana da bashin mai dabba da na mai ƙuliƙuli.

Abin da ke raba gwani da ɗan koyo a wannan sana'a shi ne sanin lokacin sa yaji. Yajin nama dai garin ƙuliƙuli ne da barkono da citta da masoro da kanumfari da gishiri. Ƙuliƙuli kuwa an riga an soya shi, saboda haka ba ya jure wuta mai ƙarfi. Da harshen wuta ya lashe shi sai ya yi baƙi ya koma ɗaci, alhali cikin naman bai ko ɗumama ba.

To, me ya sa ake turbuɗe tsire da yaji tun yana ɗanye, bai kuwa ƙone ba? Amsar tana ga tukuba, wato tudun tokan nan da ake hura wuta a tsakiyarsa. Ba a ɗora tsire bisa wuta, kafa tsinkayen ake yi kewaye da ita, zafi yana bugunsu daga gefe. Ga shi kuma an yanka naman falle-falle, ana yayyafa masa man gyaɗa, ana juya shi. Kafin yajin ya gaji, naman ya nuna. Kilishi kuma hanyarsa dabam: sai an shanya naman ya bushe, a tsoma shi cikin labu, a sake shanyawa, sa'an nan a nuna masa wuta na ɗan lokaci kaɗan.

Haƙarƙari shi ne mai gardama. Awazar rago ko ta akuya ƙashi ce da kitse da jijiya, jijiya kuwa ba ta sakin jiki sai ta daɗe cikin zafi marar tsanani. Don haka mai balangu da ya san aikinsa ba ya ɗora awaza sai itace ya gama ci ya zama garwashi, ya fi so kuma ya sami na kirya, domin garwashinta ba ya saurin mutuwa. Gishiri kaɗai yake sa mata da fari. Yakan kwantar da ita ta wajen ƙashi, ya janye ta gefen raga in kitse ya ɗiga wuta ta tashi. Wasu sukan naɗe ta cikin takarda mai kauri ta turaru da ruwan jikinta. Sai nama ya ja baya har kan ƙashi ya bayyana, wuƙa kuma ta shiga ba da ƙarfi ba, sa'an nan ya shafa mai, ya barbaɗa yaji, ya mayar bisa garwashi kaɗan don ya kama. Sauran yajin a takardar mai saye yake tafiya, tare da albasa da tumatir.

Wannan ka'ida ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A Amurka, inda gashin haƙarƙarin alade ya shahara, musamman a biranen Kansas da Memfis, sukan bar naman sa'a huɗu zuwa shida cikin hayaƙi da ɗan zafi. Mutanen Kansas suna da wata miya mai kauri ta tumatir da sukari da ruwan tsami da suke shafawa, amma gwanayensu ba sa shafa ta sai saura minti 15 zuwa 30 a sauke, domin sukari saurin ƙonewa gare shi. A Memfis kuwa da yawa sun fi son busasshen yaji, su barbaɗa wani a ƙarshe, kusan yadda ake yi wa balangu. Nama ya bambanta, addini ya bambanta, amma wuta halinta ɗaya: abin da ba ya jure ta, shi ake sawa daga baya.

Abin damuwa shi ne halin da sana'ar ta shiga. Satar shanu da ta addabi sassan Jihar Neja cikin shekarun baya, da tsadar sufuri tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, sun sa dabba ta yi tsada. Mahauci mai ƙaramin jari yana ganin mota ta tsaya fasinja suna sauka, sai zuciya ta raya masa ya ƙara wuta, ya lafta yaji tun da wuri don naman ya yi ja ya ja ido. Sauri kuwa, in ji Hausawa, ya haifi nawa. Baƙon da ya ci ɗaci sau ɗaya, ko ya tarar da jini a jikin ƙashi, ba ya sake tsayawa wurin, direba kuma yakan gaya wa ɗan'uwansa.

Mai saye ma yana da nasa aikin. Ya duba launin naman: in ja ne mai duhu yana ƙyallin mai, an bi ka'ida. In baƙi ne yana warin ƙauri, yaji ya riga lokacinsa. In kuma mai gashi ya ce a ɗan dakata, to, a dakata, gama shi ne ya san abin da ke kan wutarsa. Hanyar Auna tana nan ba inda za ta, wanda ya ba mai balangun Salka minti goma zai shiga mota da abin da zai ba da labari.