Ni da Vim: Yawo Cikin Fayil Ba Linzami

A cikin duk manhajojin da ɗaliban sashen kwamfuta ke shakka, ban ga wadda ta kai Vim ba. Ka buɗe ta, allo baƙi wuluk, babu hoto, babu wurin latsawa da linzami. Ka buga harafi ya ƙi fitowa, ka buga wani ya share maka layi. Ko fita daga cikinta ma aiki ne, har ta zama abin zolaya tsakanin masu rubuta manhaja. Amsar dai ga ta: danna Esc, ka rubuta :wq in kana so ka adana aikinka, ko :q! in ka fasa.

Duk da haka ni ina cikin masu kare ta, kuma ba don burga ba. Wanda ya fita SIWES ya sani: ranar da oga ya ce ka shiga saba daga nesa ta SSH ka gyara fayil, babu VS Code a can, linzaminka kuma ya zama ado. Abin da za ka tarar a kusan kowace na'ura mai Linux shi ne vi ko ƙanwarta Vim. Oga na tsaye a kanka, shafin kamfani a kwance, kai kuma kana ta danna kibiya ɗaya bayan ɗaya. A irin wannan wurin ake gane wanda za a riƙe bayan wata huɗu.

Abin da ya fi damun sabon shiga shi ne h, j, k da l: hagu, ƙasa, sama, dama. Me ya sa ba kibiya ba? Bill Joy ya fara rubuta vi a 1976 yana ɗalibi a jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, a kan wata na'ura mai suna ADM-3A. Na'urar ba ta da maɓallan kibiya na daban, a jikin waɗannan harufa huɗu aka zana kibiyoyin. Layin wayar da yake aiki da shi kuma harafi 30 kacal yake kawowa a daƙiƙa, wato kafin allo mai layi 24 ya cika sai ka jira fiye da minti ɗaya. Dole mutum ya ƙirƙiro hanyar faɗin abu mai yawa da bugu kaɗan. Duk wanda ya taɓa shiga saba da datar waya daga hostel da daddare, ya buga harafi yana jiran ya bayyana, ai ya san zafin da Bill Joy ya ji.

Amma fa harufan nan huɗu rarrafe ne kawai. Tafiyar gaske tsalle ce. w na kai ka kalma ta gaba, b ta dawo da kai baya. 0 farkon layi, $ ƙarshensa. gg saman fayil, G gindinsa. Idan kwamfaila ta ce kuskure na layi na 214, sai ka buga 214G, ka sauka a kansa. Ka tsaya kan baka ka danna %, ta nuna maka abokiyar rufinta, abin da ke cinye wa 'yan ajin C rabin dare. Neman kalma kuwa / ne sai kalmar, n kuma ta kai ka inda ta sake fitowa.

Inda abin ya kama ni shi ne da na lura waɗannan motsin suna haɗuwa kamar jimla: aiki, adadi, sannan inda za a tsaya. d na nufin share. To dw share kalma, d3w share kalma uku, d$ share daga nan zuwa ƙarshen layi, dG share har gindin fayil. Ka sauya d da y, ya zama kwafa. Ka sa c, ya zama sauyawa. Kowane motsi ɗaya da ka koya ya ƙara maka umarni uku kyauta. Ba hadda ba ce, nahawu ne.

Wani abokina yakan ce nano ta ishe shi. In layi ɗaya za ka taɓa, wallahi yana da gaskiya. Kuma makon farko da Vim sai ka fi kunkuru nawa, kada wani ya ruɗe ka. Ni shawarata kada a fara ranar da ake gobe za a miƙa furojet. A samu hutu, a buga vimtutor, darasi ne na kamar rabin awa da ke zuwa tare da manhajar. Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan da ya fitar da Vim a 1991, ya rasu a 2023, kuma tsawon shekarun nan bai sa mata kuɗi ba, sai dai roƙon a taimaki yara mabuƙata a Yuganda.

Saura Esc, wadda ke can lungun sama tana wahalar da ɗan yatsa. A na'urar Bill Joy tana nan kusa, inda Tab take a yau. Ni a laftof ɗina na mayar da Caps Lock ta zama Esc. A kwamfutocin ɗakin gwaji kuwa, inda ba a yarda ka sauya komai ba, Ctrl da [ tare suna yin aikinta.