Makin da na zaftare a kan tsaunukan Alps

Lokacin da nake koyar da labarin ƙasa a sakandare, na taɓa sa wata tambaya a jarrabawar ƙarshen zango: wace ƙasa ce ke da kaso mafi girma na tsaunukan Alps? Amsar da na tanada ita ce Suwizalan, kuma ita ajin suka rubuta, tunda haka na koya musu. Yarinya ɗaya ce ta rubuta Ostiriya, na ja mata jan biro. Da aka raba takardu ta biyo ni ofishin malamai, ta rusuna ta ce, "Malam, a yi haƙuri, a taswirar da ke littafin yayana na duba, tsaunukan sun fi yawa a Ostiriya." Na ce, "Ke, ni da ke wa ke koyar da wani? Koma aji." Littafin taswira kuwa yana nan a kan kanta, bayan kujerata. Ban buɗe ba.

Ita ce da gaskiya. Ostiriya ke riƙe da kusan kashi 29 cikin 100 na faɗin Alps, Italiya na biye da kusan 27, Faransa 21. Suwizalan ta huɗu ce, da kimanin kashi 13. Ragowar ya rabu tsakanin Jamus da Sulobeniya da ƙananan ƙasashe biyu, Monako da Liechtenstein.

Na daɗe ina bin diddigin inda kuskuren ya shigo mini, domin ba daga sama ya faɗo ba. Wajen kashi 60 cikin 100 na ƙasar Suwizalan tsaunukan Alps ne. Wannan gaskiya ce. Ni kuma sai na juya ta a kaina ta koma cewa yawancin Alps a Suwizalan yake. Hotunan kalanda suka ƙara ɗaure mini gindi, don duk inda aka nuna Alps, ƙololuwar Matterhorn ake nunawa, mai tsayin mita 4,478. Kuma cikin ƙololuwa 82 da suka haura mita 4,000, guda 48 suna Suwizalan ko a kan iyakarta. Tsayi na gani, na ɗauka faɗi ne. Alhali Mont Blanc ma, wanda ya fi kowanne tsayi da mita 4,800 da 'yan kai, yana tsakanin Faransa da Italiya ne.

Da na buɗe taswirar a ranar, da na ga abin da yarinyar ta gani. Alps jerin tsaunuka ne masu yawa, kowanne da sunansa da irin dutsensa, sun lanƙwasa kamar lauje tsawon kimanin kilomita 1,200, daga gaɓar Bahar Rum har kusa da birnin Biyana. Ɓangaren yamma ya fi tsayi amma a tsuke yake. Can ne Mont Blanc da Monte Rosa suke, da tsaunukan yankin Bern inda Aletsch, kogin ƙanƙara mafi girma a Alps, yake gangarowa. Da an ƙetare kwarin kogin Rhine zuwa gabas, sai tsayin ya ragu, tsaunukan su baje. Grossglockner, mafi tsayi a Ostiriya, mita 3,798 ne. A kudu ga Dolomites na Italiya, fararen duwatsun da asalinsu a ƙarƙashin teku suka taru, har yau ana samun burbushin halittun ruwa a jikinsu. Gaba kuma ga Triglav, wanda Sulobeniya ta sa a tutarta. Wannan bajewar ta gabas ce ta ba Ostiriya kasonta, kuma ido kaɗai ya isa ya gane ta.

Sai a zango na gaba na gano gaskiyarta, ina shirya wani darasi. Na tsaya gaban ajin na faɗi kuskurena, na ba ta haƙuri, na mayar mata da makinta. Amma sakamako ya riga ya je gida, kuma na lura ta daina ɗaga hannu. Wannan ya fi makin yi mini ciwo. Rashin sani bai kai girman abin da na yi mata ba, domin ta zo da hujja cikin ladabi, ni kuma na amsa mata da girman kujera. Tun daga nan, duk ɗalibin da ya ja da ni a kan wani wuri, littafin taswira muke ɗaukowa mu buɗe tare, ko da na tabbata ni ne da gaskiya.

Abin da ban iya gyarawa ba shi ne azuzuwan da suka wuce ta hannuna kafin nata. Sun tafi da amsar Suwizalan a littattafansu, da alamar daidai da na sa musu da hannuna, kuma wasunsu yanzu malamai ne.