Littafin Ne Ke Tambaya

Asabar ɗin ƙarshen wata muke haɗuwa mu huɗu a falon Yaya, a yi zubin adashe, a sha zoɓo, a taɓa hira. Ƙa'idarmu ɗaya ce: abin da aka faɗa a kan dardumar nan, a kanta yake kwana. Wannan ma sai da na roƙi izini, aka ce in ɗauka, amma ba suna, ba unguwa.

Autarmu ce ta shigo fuska a murtuke. Wani ƙaramin banki take wa aiki, ita aka ɗora wa kula da bayanan masu ajiya.

"Auta, wannan cin magani fa?" in ji Yaya.

"Bari kawai, Yaya. Sati biyu ke nan shugaban sashen talla ba ya amsa gaisuwata. Cewa ya yi in kwashe masa sunayen masu ajiya kaf, da lambar waya, da BVN, da abin da ke asusun kowa. Wai zai tura wa wani ɗan kwangila ta WhatsApp, ya riƙa aika musu tallan sabon rance. Na ce ba zai yiwu ba. Yanzu ofis ya ɗauka wai na cika iyayi."

"A ina kika faɗa masa?"

"A wajen taro. Yaransa duk suna zaune."

Yaya ta ajiye kofi. "To nan kika ɓata rawarki da tsalle."

Barista ta gyara zama, don an zo gonarta. "Ta fuskar doka dai ba ki da laifi ko na sisin kwabo. Tun Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Kafin nan ƙa'idar NITDA ta 2019 ake bi. Mai sayar da atamfa da ta ba ku lambarta don buɗe asusu, ba ta ce a miƙa wa baƙo ba. In bayanan suka zube har ana tsoron cutuwar masu su, awa 72 gare ku ku sanar da hukumar. Tarar babbar ma'aikata kuwa tana iya kai naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta na bara, duk wanda ya fi tsoka."

"Ni ba tarar ce ke hana ni barci ba," in ji Auta. "Ranar da wani zai kira tsohuwa, ya ambaci cikakken sunanta da BVN ɗinta, ya ce daga banki ne, ta karanto masa lambar da aka turo mata. Da wane ido zan kalle ta?"

Falo ya yi tsit. Duk cikinmu ba wadda ba ta san wani da aka yi wa haka ba.

Yaya ce ta katse shirun. Shekara talatin ta yi a ɗakin ajiye fayil kafin ta yi ritaya. "A zamaninmu takarda ce a kabad mai kwaɗo. Ko Darakta ne ya aiko masinja, sai an rubuta a littafi: wa ya ɗauka, yaushe, don me. Ban taɓa faɗa da kowa a kan fayil ba, saboda littafin ne ke tambaya, ba ni ba. Ke kuwa an ba ki maƙulli ba a ba ki littafi ba. Kowace 'a'a' daga bakinki take fita, dole a ce raini ne."

Na ce, "Kuma kada ki manta, shi ma wuta ake hura masa daga sama. An yanka masa adadin rancen da zai fitar kafin wata ya mutu. Me zai yi da BVN? So yake saƙonsa ya isa. Ki ce ya rubuto tallan, a tura daga cikin banki ga waɗanda suka yarda a riƙa aiko musu. Shi a ba shi lissafi: mutum nawa aka aika wa, nawa suka amsa. Aikinsa ya tafi, amanarki tana nan."

"Wato ni zan fara zuwa wajensa? Ni mai gaskiya?"

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne," in ji Yaya. "Ki same shi shi kaɗai, ki gaishe shi da girmansa. Haƙurin da za ki ba shi na wurin da kika yi maganar ne. Ita maganar tana nan daram."

Barista ta ƙara da nata. "Daga nan ki rubuta wa manaja, ba ƙara ba, shawara. A zauna da kowane sashe a fitar da ƙa'ida a takarda: bayanan nan wa ke da alhakinsu, wa zai iya gani, wa ke sa hannu kafin su fita. Shi ma mai tallan a sa shi a zaman, don mutum ba ya jifan rumfar da ya kafa. Abin da ya faru kuma ki rubuta da kwanan wata, ki adana."

"In manajan da kansa ya ce in bayar fa?"

"Ki ce, 'Ranka ya daɗe, a ba ni a rubuce.' Da yawa in aka miƙa musu biro, nan take hannu ke yin sanyi. In kuma ya rubuta, ki kira ni kafin ki taɓa kwamfuta."

Sai a lokacin Auta ta saki fuska, ta jawo farantin dambun nama. Yaya ta buɗe littafin adashe, mai ɗauke da lambar asusun kowaccenmu. Auta ta ɗaga waya za ta ɗauki hoton shafin, wai don kada ta manta kwasar wa ce wata mai zuwa.

Yaya ta dafe littafin da tafin hannu. "Tsaya, 'yar nan. Wa ya ɗauka, yaushe, don me?"

Dariya ta sa zoɓo ya sarƙe Barista.